Jirgin sojan da ya faɗi a Ejigbo a 1992: obalodi ne, gurɓataccen mai ne, ko da hannun wani?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan gida. Yau 26 ga Satumba, na duba ko'ina ban ga wanda ya tuna ba, to bari ni in tuna mana. A rana irin ta yau a 1992, ranar Asabar da yamma, jirgin sojan saman Najeriya samfurin Hercules C-130 mai lamba NAF 911 ya tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed na Legas zai zo Kaduna, kamar minti uku da tashinsa ya rikito cikin fadamar Ejigbo. Ko mutum ɗaya bai tsira ba. Adadin da aka fi faɗa 159 ne, wasu sun ce 158, wasu ma sun kai shi 163. Kuma ba kuratan soja bane fa, hafsoshi ne masu kwas a kwalejin horas da manyan hafsoshi ta Jaji, yawancinsu Manjo-Manjo da takwarorinsu na ruwa da na sama, sun je Legas rangadin karatu suna hanyar komawa. Injina uku cikin huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Tambayata ga masanan gidan nan, musamman Baba Kofur da Injiniya, ta yaya inji uku za su mutu cikin minti uku? Allah ya jiƙan musulmin ciki, ya ba iyalansu duka haƙuri.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wlh ban taɓa jin labarin nan ba sai yau, lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Mutum 159 a jirgi ɗaya??

Ɗan Kawo:
Hajiya ai mu da muke Kaduna ba za mu manta ba. Ina aji biyar na firamare lokacin, akwai matar wani Manjo a layinmu, ba bahaushiya bace amma ta iya Hausa tsaf, ita ke ba mu ƙanƙara in mun dawo makaranta don a layin su kaɗai ke da firji mai kyau. Ranar Asabar ɗin ta yi girki tana jiran maigida, dare ya yi shiru, safiya ta yi shiru, a lokacin kuma ba waya a hannu balle ka buga ka ji, sai dai kowa ya kasa kunne a rediyo. Washegari sai ga mata suna shiga gidan ɗaya bayan ɗaya ba mai magana, tukunyar shinkafar nan tana kan risho ko buɗe ta ba a yi ba, babarmu ce ta sauke ta ta rarraba wa almajirai. Yara uku ya bari, ƙaramin yana goye.

Maman Ilham:
Wayyo Allah. Allah sarki rayuwa.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Ku daina wani kewaye-kewaye jama'a. Kowa ya san abin da ya faru. Shekara biyu kafin nan, Afrilu 1990, Manjo Gideon Orkar da yaransa sun kusa kifar da gwamnati, har barikin Dodan, fadar gwamnati a Legas a lokacin, suka shiga da harbi, abin da ya sa ma aka gaggauta komawa Abuja ƙarshen 1991 kenan. Su wa ke juyin mulki a ƙasar nan tun daga kan Nzeogwu? Manjo-Manjo. Sai kawai a tara kwas guda na Manjo a jirgi ɗaya ya faɗi kuma kuce min tsautsayi? Ruwa baya tsami banza.

Baban Khalifa:
Sarkin Yaƙi a yi a hankali, zargin kisan rai sama da ɗari da hamsin ba abin wasa bane, in akwai hujja a kawo.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Hujja? Ina rahoton binciken? Shekara sama da talatin wa ya taɓa ganinsa a buɗe? Ita ce hujjata. Kuma ku duba Pakistan, Agusta 1988, shugaban ƙasarsu Janar Ziya'ul Haƙ, shi ma C-130 ne, yana tashi daga Bahawalpur ya faɗo da shi da jakadan Amurka da manyan janar-janar ɗinsa, har gobe ana rigima a kan wa ya yi. Irin jirgin ɗaya, irin tashin ɗaya.

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa na ga kiranka. Ni ba matuƙi bane ba kuma makaniken jirgi ba, sojan ƙasa ne ni, amma na hau wannan samfurin ba sau ɗaya ba lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, shi ke kai mu Laberiya ya dawo da mu. Ga yaran da basu san shi ba, kada ku ɗauka irin jirgin da kuke hawa zuwa Umara ne mai kujeru da 'yan mata suna raba lemo. Cikinsa fili ne kamar sito, ƙofar baya ake saukewa a shigar da mota ko igwa ko buhunan abinci, kujerun kuwa na tamfol ne da raga a jere a jikin bango da tsakiya, gwiwarka na gogar gwiwar wanda ke fuskantarka, ƙara kuma sai ka cusa auduga a kunne, in zaka yi wa na kusa da kai magana sai da ihu. Taga 'yan ƙanana ne, yawanci ma ba abin da kake gani. Lissafinsa soja 92 ne da kayansu, in masu saukar lema ne 64. To ku auna 159 a wurin 92. Ma'ana da yawa ba su da kujera balle bel, a ƙasa ko kan jakunkuna za su zauna. Amma fa jirgi ne mai ƙarfin gaske, mu mun yarda da shi sosai, shi ya sa da labarin ya iso mana ba wanda ya gaskata da farko.

Ɗan Kawo:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To kenan obalodi ne?

Injiniya:
Baba Kofur barka da war haka, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗan tsoma baki, ku yi haƙuri zan yi tsawo.

Maganar obalodi gaskiya ce amma ba yadda mutane ke ɗauka ba. C-130H yana iya ɗaukar kaya kusan tan 19, kuma nauyinsa gaba ɗaya lokacin tashi, da mai da komai, iyakarsa wajen tan 70 ne. To ka ɗauki mutum 150 ka ba kowa kilo 100 shi da jakarsa, tan 15 kenan. Kun ga a ƙidayar kai an wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, amma a sikeli ba lallai a ce ya gagari jirgin ba, ya danganta da yawan man da aka sha da kayan da aka loda. A Afrilu 1975 da Saigon ke faɗuwa, C-130 guda ya kwashi mutum 452 daga Biyetnam ya sauke su lafiya a Tailan. Don haka nauyi shi kaɗai baya kashe inji. Abin da nauyi ke yi shi ne ya cinye maka rarar da zaka tsira da ita in inji ya mutu.

Ga yadda abin yake. Jirgin injina huɗu gare shi masu farfela, Allison T56, biyu a kowane fiffike. Lokacin tashi shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, saboda abu uku sun haɗe maka: jirgi ya fi nauyi don bai ƙona mai ba tukuna, gudunsa kaɗan ne, kuma yana kusa da ƙasa. In inji ɗaya ya mutu ba tashin hankali bane sosai, an horar da matuƙa a kan haka, za su juya fukafukan farfelar su miƙe da iska don kar ta riƙa ja da jirgin baya, su taka ragamar wutsiya don kar ya karkace ɓangaren da ya mutu, uku su ci gaba da hawa a zagayo a sauka. In biyu suka mutu kuma jirgi na da nauyi, to nan an shiga uku, da ƙyar zai riƙe tsayin da yake balle ya ƙara, in kuma duk a fiffike ɗaya ne sai ya riƙa neman juyewa. In uku suka mutu magana ta ƙare, ba matuƙin da zai riƙe shi a sama da inji ɗaya da wannan lodin. Kamar tirela ce maƙare da siminti tana tsakiyar hawan tudu giya ta ƙwace, gwanintar direba ba ta da sauran amfani sai dai ya zaɓi inda zai kwantar da ita. Abin da aka ruwaito kenan ma, cewa bayan na biyu ya mutu matuƙan sun nufi magudanar ruwan Ejigbo da niyyar su kwantar da shi a kan ruwa, kafin su kai na ukun ya ɗauke, jirgin ya kifa da hanci cikin taɓo. Ni dai a ganina mutanen nan sun yi iya yinsu, don sun kauce wa gidajen jama'a, da cikin unguwa ya faɗa da adadin ya wuce haka.

Baban Khalifa:
Madalla Injiniya. Amma har yanzu baka amsa min ba, me zai kashe uku a jere?

Injiniya:
Ina zuwa ranka ya daɗe. A harkar jirgi in inji ɗaya ya mutu sai a ce matsalar injin ce. In biyu ko uku suka mutu kusan lokaci guda, ba a cewa kowanne ya lalace don kansa, sai a nemi abin da ya haɗa su. Me ya haɗa su? Na farko mai. Man jirgi dangin kananzir ne, kuma ruwa na iya shiga cikinsa tun daga tankin ajiya ko motar da ta kawo shi, ruwan ya fi man nauyi sai ya kwanta a ƙasan tanki, shi ya sa ƙa'ida ce kafin tashi a tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki a kwalba a duba. In ba a yi ba, ko an yi sama-sama, jirgi na ɗaga hanci ruwan nan da datti su gangaro bututu. Shi ya sa tun lokacin ake zargin gurɓataccen mai. Na biyu gyara, in hannu ɗaya ya yi wa injinan aiki ya yi kuskure iri ɗaya. Na uku tsuntsaye. Na huɗu kuskuren cikin ruɗani, kuma wannan yana faruwa ko ga ƙwararru. Ku tuna jirgin sojan saman Zambiya da ya kwaso 'yan ƙwallonsu a Afrilu 1993, wata bakwai kacal bayan namu, yana tashi daga Libreville ta Gabon za su Senegal injin hagu ya samu matsala, rahoton da Gabon ta fitar bayan shekara goma ya ce matuƙin ya kashe na dama mai lafiya bisa kuskure, mutum 30 suka tafi cikin teku. Ban ce haka aka yi a Ejigbo ba fa, misali nake bayarwa na yadda abu ɗaya ke jawo na biyu.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Yauwa Injiniya ka zo gidana. Mai ya haɗa su. To wa ya zuba ruwa a man?

Injiniya:
Haba Sarkin Yaƙi, a ƙasar nan sai an turo wani kafin ruwa ya shiga mai? Ƙarshen damina ne fa a Legas.

Ɗan Kawo:
Hahaha wlh Injiniya ka gama da shi.

Abu Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Ina so in ba Sarkin Yaƙi wani misali daga wajenmu. Ran 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA na Faransa ya taso daga Njamena za shi Paris, ya tarwatse a saman hamadar Tenere cikin ƙasarmu, mutum 170. Wannan kam da hannun mutum, bam ne a cikin akwati. Amma ta yaya aka sani? Mutane suka shiga rairayi suka tsince tarkacen jirgin guntu-guntu aka kai Faransa aka harhaɗa, aka samu alamar abin fashewa a jikin guntun akwatin, a 1999 kotu a Paris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu. Abin nufi, in maƙarƙashiya ce tana barin sawu, kuma bincike ke fito da shi. Rashin ganin rahoto baya nuna an kashe su, baya kuma nuna ba a kashe su ba, abin da yake nunawa kawai an raina iyalansu.

Baban Khalifa:
Abu Allah ya biya ka, ka faɗi abin da ke raina. Ni abin da ya fi ci min rai kenan, shirun da aka yi shi ya haifi duk jita-jitar nan. Da an fito an ce ga abin da muka gano, ga wanda ya yi sakaci, ga hukuncinsa, da Sarkin Yaƙi bai samu abin faɗa ba yau.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Da na samu wani dai. Amma ku amsa min, mai gaskiya me zai sa ya ɓoye takarda?

Tsohon Kofur:
Yaro bari in gaya maka, ba sai mutum ya yi kisa yake ɓoye takarda ba. In rahoto zai nuna cewa an karɓi kuɗin gyara ba a yi ba, ko wani babba ya ce a tashi alhali an gaya masa jirgi ba lafiya, ko an cusa mutum fiye da ƙima, wannan ma ya isa a kulle shi a durowa. Kuma ka yi tunani da kyau, a cikin jirgin nan akwai ɗan arewa akwai ɗan kudu, musulmi da kirista, akwai yaran manyan da ke mulkin su kansu, akwai malaman kwalejin, akwai baƙi 'yan wasu ƙasashe. Wanda ke tsoron juyin mulki yana da hanyoyi masu sauƙi, ya yi maka ritaya da sanarwar rediyo, ko ya tura ka wani lungu, ko ya kafa maka kotun soja, duk mun ga an yi. Ba ya buƙatar ƙona jirginsa da yake ji da shi a tsakiyar yaƙin Laberiya. Ko wata guda ba a yi ba bayan haɗarin, tsakiyar Oktoba, madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya afka wa Monrovia da duk ƙarfinsa, a lokacin jiragen nan su ne igiyar ranmu.

Alhassan Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Baba Kofur gaskiya ne maganar baƙi, mu ma Gana hafsoshinmu 5 suka rasu a ciki, sai ɗaya-ɗaya daga Tanzaniya da Zimbabuwe da Uganda. Jaji makaranta ce da ƙasashen Afirka ke tura mutanensu, don haka makokin bai tsaya Najeriya ba. Tsofaffinmu a nan har yanzu in ana hirar soja sukan ambace shi.

Ummu Sudais:
Ni dai jama'a duk wannan lissafin naku, kwana ne ya ƙare. Ko a kan gadonsu suke ranar sai sun tafi. Mu yi musu addu'a mu bar tone-tone.

Malam Na Tudun Wada:
Malama Ummu Sudais, Allah ya saka da alheri, ajali gaskiya ne ba mai ja. Amma imani da ƙaddara bai hana tambayar sababi ba. Wanda ya tambayi Manzon Allah SAW ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kuma a shari'a ko kisan kuskure akwai diyya akwai kaffara, da cewa "kwana ya ƙare" na wanke mai sakaci da ba a wajabta su ba. Mu a nan mun mayar da ƙaddara bargon da manya ke lulluɓa da shi in sun yi ɓarna, talaka kuma ya taya su ja.

Ummu Sudais:
Na gamsu Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni tsoron zargin mutane ba hujja nake.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan kuma kina da gaskiya, shi ya sa ban bi Sarkin Yaƙi ba.

Ɗan Boko Zalla:
Ku kun manta takunkumi. Turawa sun hana mu kayan gyara lokacin mulkin soja shi ya sa jiragen suka lalace.

Injiniya:
A'a ƙanena ka haɗa zamani biyu. Takunkumin ya zo ne bayan soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, ya ƙara tsanani bayan rataye su Ken Saro-Wiwa a 1995. A Satumba 1992 ba wanda ya hana mu sayen komai. In kana neman matsin da ake ciki a lokacin, ka ce shirin tsuke bakin aljihu na SAP da faɗuwar naira tun 1986, kayan jirgi kuma da dala ake saye, ga jiragen tun tsakiyar shekarun 1970 aka fara sayo su, ga jigilar Laberiya ba dare ba rana tun 1990. Tsufa ba laifi bane a jirgi in ana bin jadawalin gyara, samfurin nan tun 1954 ya fara tashi kuma har yau ana ƙera sabbinsa.

Ɗan Kawo:
Ni fa abin da yafi tsaya min a wuya ba faɗuwar bace, ceton ne. Ejigbo fa ba dajin Sambisa bane, cikin Legas ne, daga filin jirgin 'yan kilomitoci ne. Amma aka kwana ba a kai gare su ba, aka ɗauki kwanaki ana zaƙulo gawa daga cikin laka. An sha ruwaito cewa akwai waɗanda basu mutu nan take ba. In haka ne to wasu ba jirgi ya kashe su ba, jira ne.

Tsohon Kofur:
Wurin taɓo ne mai zurfi ɗana, mota bata shiga, ƙafa ma nutsewa take, ga duhu ya yi, ga gangar jirgin ta nitse ta matse mutane a ciki, sai da kayan yanka ƙarfe da manyan injina. Amma ban kare kowa ba, garin da ke da sansanin sojan sama da na ruwa da helikwaftoci bai kamata a kwana ana neman hanya ba. A lokacin ko hukumar agajin gaggawa ta NEMA babu, sai 1999 aka kafa ta.

Maman Ilham:
To Baba a ina aka binne su? Kuma matan da yaran fa?

Tsohon Kofur:
Abuja aka kai su aka yi jana'izar ƙasa a farkon Oktoba. Alkawura kam an yi su a bakin kabari, gida da karatun yara da sauransu. Shekaru bayan nan jaridu sun yi ta ɗauko matan suna kukan ba a cika musu duka ba.

Ɗan Kawo:
Maƙwabciyarmu dai ƙarshe garinsu ta koma da yaran. Kafin ta tafi ta yi ta zarya wani ofis da fayil a hannu, yau a ce oga baya nan gobe a ce a kawo wata takarda, har firjin nan sai da ta sayar.

Hajiya Mai Atamfa:
Abin da ban gane ba, kwas guda sukutum a jirgi ɗaya? Ko mu 'yan kasuwa in za mu Kwatano sayayya bama zuba kuɗinmu duka hannun mutum ɗaya. Mutanen da ƙasa ta kashe wa kuɗi shekara goma sha wani abu suna aiki, waɗanda su ne za su zama janar-janar na gaba, ba wanda ya ce a raba su sawu biyu? Legas zuwa Kaduna tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce fa a sama.

Baban Khalifa:
Hajiya wannan ita ce tambayar da ko rahoto ba a buƙata kafin a yi ta. Ko mai ne ko gyara ne ko ma abin da Sarkin Yaƙi ke faɗa ne, wani ne ya sa hannu ya ce duk su hau. Kuma ba mu daddara ba, Satumba 2006 ƙaramin jirgin soja Dornier ya faɗi a Vandeikya ta jihar Binuwai da janar-janar a ciki za su taro Obudu, Mayu 2021 kuma babban hafsan sojan ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da manyan na kusa da shi a jirgi ɗaya a Kaduna, mutum 11.

Injiniya:
Ba mu kaɗai ba kuma, kar a ce Najeriya ce kawai. Indunusiya a Yuni 2015, C-130 ya tashi daga Medan minti biyu ya faɗa cikin gari, sama da mutum 120 a cikinsa, da yawa iyalan sojoji ne da suka samu hawa. Aljeriya a Afrilu 2018, Ilyushin na soja yana tashi daga Boufarik ya faɗi, mutum 257. Jirgin soja baya ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan jiragen fasinja, su ke duba kansu su ke binciken kansu, shi ya sa in shugabanni basu da tsauri sai ƙa'ida ta zama ganin dama. Jirgin fasinja in ya faɗi dokar duniya ta ce a yi bincike a fitar da rahoto, na soja kuwa sai in sun so.

Sarkin Yaƙin Fagge:
To kun dawo kan maganata dai, su suka binciki kansu. Ni ban sauka daga kan bakana ba sai na ga takarda.

Lauyan Gida:
Na jima ina karanta ku. Sarkin Yaƙi in takarda kake so akwai hanyar nema, dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011. Kowane ɗan ƙasa na iya rubuta wa ma'aikatar tsaro ya nemi kwafi, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma doka ta basu kwana 7 su amsa. Matsalar ita ce dokar ta basu damar ƙin bayarwa in sun ce ya shafi tsaron ƙasa, to daga nan sai kotu, alƙali ya auna ko amfanin jama'a ya rinjayi sirrin. Ni ban ga sirrin tsaron da ya rage a jirgin da ya faɗi tun 1992 ba. Zai fi ƙarfi in 'ya'yan mamatan ne suka nema, yanzu ai duk sun zama magidanta.

Sarkin Yaƙin Fagge:
Barista in ka rubuta ni zan fara sa hannu, kuɗin kai wa Abuja ma na ɗauka.

Lauyan Gida:
Rubutawa ba wuya, shafi ɗaya ne. Ɗan Kawo in har kuna da labarin yaran maƙwabciyar taku ka tuntuɓe su ta gefe ka ji ko suna so, kar a sa sunan kowa a nan cikin jama'a.

Ɗan Kawo:
To Barista, babarmu ce zata san inda suke, in na je gida ƙarshen mako zan tambaye ta in sha Allahu.